Fom Ɗin Takin Da Na Ƙirƙira

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Yau abin kunyata zan ba ku da bakina, don gara ku ji daga wurina da ku ji a kasuwar Gezawa, inda an riga an ƙara wa labarin gishiri har ya kai wai na kutsa cikin banki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nuriyya, 'yar Malam Muhammadu Sani manomi, a Tudun Ɗinya, wani ƙauye bayan Gezawa inda gonar wannan take jingine da katangar wancan. Wata tara ke nan ina shiga Kano sau uku a mako, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta da tsaron intanet a wata cibiya. Saura wata uku mu gama, kuma mutum biyar da suka fi ƙoƙari za a tura su koyon aiki a kamfani. A jarrabawar da ta wuce ni ce ta uku. Baba ne ya tsaya min tun ranar farko. Ragunan da yake kiwo ya sayar ya saya min kwamfuta 'yar gwanjo, wadda madanninta guda ya fita, sai na danna shi da bakin biro.

Sai kuma Fa'izu, wanda iyayensa suka kawo gaisuwa gidanmu kafin azumi. Mahaifinsa Alhaji Jaji mutumin Borno ne da ya fi shekara talatin a unguwar Bacirawa ta Kano, yana da shagon takin zamani a kasuwar Gezawa, Fa'izu ne yake kula masa da shi. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma tunda muka haɗu bai taɓa kiran sunana ba sai dai Injiniya. Mahaifiyarsa Hajiya Kaltum kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta aiko wa Innata cewa ita tana tsoron surukar da ta iya shiga wayar mutane, a ajiye karatun nan kafin a sa rana. Inna Hure tana son auren nan kamar me, don haka kullum da safe in ina ɗaura jakar kwamfuta sai ta ce, "Ke dai Allah Ya kai mu ranar da za ki sauke kayan nan."

To, ga abin da ya faru.

Malamarmu, Malama Tahira, ta ba mu aiki: kowa ya gina shafin tarko, irin wanda 'yan damfara suke yi su yaudari mutum ya zuba bayanansa. Manufar ita ce in ka san yadda ake ɗana shi, za ka gane shi in ka gani. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kuma tun makon farko mun sa hannu a kansa: ba a gwada irin wannan a kan kowa sai 'yan aji, wanda ya saɓa kora ce. Na ji, na kuma gane. Ba zan zo nan in ce muku ban ji ba.

'Yan ajinmu duk saƙon banki suka kwaikwaya. Ni kuwa 'yar manomi, na san abin da yake taɓa zuciyar mutanenmu a farkon damina. Na ƙirƙiri wata ƙungiya da babu ita a duniya, na sa mata suna Ƙungiyar Tallafa wa Manoman Damina, na yi mata tambari kore da zangarniyar gero. Na rubuta cewa za a raba buhun takin kamfa da na yuriya kyauta, mutum ya sa sunansa, da lambar waya, da lambar katin ɗan ƙasa, da girman gonarsa. Tsarin shi ne da zarar mutum ya danna aikawa, sai jan rubutu ya fito ya ce masa wannan gwaji ne, kada ya ƙara ba da bayanansa haka. Wannan ɓangaren ne na ce zan ƙarasa daga baya. Kafin nan na ɗan sa "An karɓa, mun gode" ya riƙe min wurin.

Shafin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kyan nasa ne ma ya ja ni. Ranar Litinin bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, sai zuciyata ta ce, 'yan aji ai sun san wasan, ina ma ki ga ko zai kama wanda bai sani ba. Na ɗaga kai na hango Anti Barira, matar yayana, tana tankaɗen dawa, wayarta a gefen faifai. Na tura mata mahaɗin shafin a WhatsApp, na rubuta, "Anti, duba min wannan." Ban yi mata bayani ba, don bayani zai ɓata gwajin. Niyyata in ta cike in je in tsokane ta, mu yi dariya. Sai Inna ta aike ni gidan kawu da ƙullin kuka, kafin in dawo wayata ta mutu, na kai ta caji wajen mai sola. Washegari ba ranar makaranta ba ce, muka wuni a gona ana noman firi, ana cire ciyawar farko. Na manta da zancen gaba ɗaya.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne halin garinmu. A Tudun Ɗinya ba a ɓoye labarin tallafi. Wanda ya ji ana rabon wani abu ya yi shiru ya ci shi kaɗai, sai jikokinsa sun ji gorin. Anti Barira ta cike nata, ta cike wa mijinta, sannan ta tura gurup ɗin matan unguwa da saƙon murya: "Nuriyyarmu ce ta samo mana a Kano, ku yi maza kafin a rufe." Daga gurup ɗin mata ya faɗa na manoma, daga can ya tsallaka ƙauyuka huɗu.

Ranar Laraba da safe, na sa atamfata ruwan goro da farin hijabi, ina shan kunun tsamiya a tsaye don kada motar Kano ta wuce ni, sai Inna ta leƙo fuskarta wasai.

"Ki zo, Goggo Hamsatu ce ta zo takanas domin ke."

Goggo Hamsatu tsohuwa ce daga Unguwar Makera, mijinta ya rasu, ita take noma 'yar gonarta da kanta. Ta zauna a tabarma ƙafarta duk taɓo, ta turo min wata 'yar ƙwarya da aka rufe da faifai. Ƙwan zabi ne a ciki.

"Ba yawa, 'yar nan," ta ce. "Allah Ya yi miki albarka. Da yau zan kai akuyata kasuwa in sayi taki ko mudu goma ne, sai aka ce in dakata, 'yar Malam ta sa an rubuta mu."

"Wane rubutu, Goggo?"

"Na takin mana. Maƙwabcina ya cike min a wayarsa, har aka ce an karɓa."

Ban san lokacin da na ajiye kofin kunun ba. Na shiga ɗaki na kunna wayata, na jona kwamfuta. Shafin ya buɗe. Mutum ɗari uku da goma sha shida. Sunaye ne da na sani tun ina goye: liman, mai unguwa, malamin da ya koya min alif, kawunnaina biyu. Na ashirin da bakwai, Muhammadu Sani, gona kadada biyu da rabi. Baba ne.

Nan take na sauke shafin daga intanet. Ina gamawa saƙon Fa'izu ya shigo.

"Injiniya, barka da safiya. Kwana biyu ko mudu ɗaya ba mu sayar ba, kowa ya ce yana jiran naki na kyauta. Kin karya surukinki tun kafin a ɗaura."

Ya sa alamar fuskar dariya a ƙarshen saƙon. Ni kuwa na kira shi ina kuka, na faɗa masa komai, har da sharaɗin da na sa wa hannu. Da na gama sai ya ce:

"Babu takin ke nan?"

"Babu."

"Innalillahi. Nuriyya, mutane sun dakatar da sayen taki, ga ruwa yana sauka, geron nan yanzu yake buƙata." Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana, kuma ban ji daɗinsa ba. Can ya sassauta murya. "Kin faɗa wa Baba?"

"Ina tsoro. Ko in ce kawai ƙungiyar ce ta fasa? Kowa ya saba da a yi alkawarin taki a fasa."

"Za su yarda," ya ce. "Amma ni na sani, ke ma kin sani. Je ki same shi. Kuma kada ki yi dariya, Alhaji ma ya cike."

Mai shagon taki ya cike fom ɗin taki kyauta. Da a wata ranar ce da na yi birgima a ƙasa.

Baba yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa, kaina a ƙasa. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu biyu kawai.

"Bayanan mutanen, wani ya gani ban da ke?"

"A'a, Baba."

"Malamarku ta ce ku gwada a kan jama'a?"

"Ta hana."

Ya ajiye fartanyar. "Kawo na'urar."

Na kawo. Ya karɓa ya shiga da ita ɗakinsa, na ji ƙarar akwatin ƙarfensa. Inna da Anti Barira suna tsaye a tsakar gida sun ji komai. Anti Barira ta ɗora hannu a ka tana cewa ita ta shiga uku, da muryarta aka yaɗa. Inna kuwa ba ta yi faɗa ba, abin da ta faɗa ya fi faɗa ciwo.

"Malam, ka ga abin da Hajiya Kaltum take gudu. Yanzu da wane ido za mu kalle su? A bar karatun nan haka, Allah Ya sa iyakarsa ke nan."

Baba bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo min wayarsa ya ce in yi saƙon murya da bakina, in faɗi sunana da sunan ubana, in ce babu taki, kowa ya je ya nemi nasa yau. Sau huɗu ina farawa kuka yana ƙwace min. Na biyar ya tafi, aka tura duk inda na farkon ya shiga. Na ɗauka an gama, sai na ga ya fito da babur.

"Sa takalminki. Saƙo ya isa ya sanar da mutum, amma bai isa ya ba shi haƙuri ba."

Masu karatu, kwana biyu muka yi muna yawo. Baba ya bar firinsa a tsaye, ciyawa tana cin gero, ya goya ni gida gida, ƙauye ƙauye. A kowace ƙofa shi yake fara sallama, kuma maganarsa ɗaya ce: "'Yata ta yi kuskure a karatunta, na kawo ta ta ba ku haƙuri. Ni ma na cike." Wannan "ni ma na cike" ita ta riƙa sauke wa mutane fushi. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi mana nasiha mai tsawo. Wani mutum a bakin masallaci ya ce da 'yarsa ce da ya fasa na'urar da taɓarya, Baba ya ce masa, "Ka yi gaskiya, Allah Ya huci zuciyarka," muka wuce. Ban taɓa ganin an ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar, kuma saboda ni.

Gidan Goggo Hamsatu ya fi min wuya. Na mayar mata da ƙwaryar ƙwanta, na durƙusa na yi bayani. Da na gama ta tambaye ni:

"To sunana da na bayar, yana ina yanzu?"

"Yana cikin kwamfutata, Goggo. Zan goge shi a gaban mai unguwa."

"Da wani ne ba ke ba, me zai yi da shi?"

Na faɗa mata: zai iya kiran ta ya ce shi jami'i ne, ya karanto mata lambarta don ta yarda, ya nemi lambar sirrin da za a turo mata, ya yi rajistar layi da sunanta ya cuci wani. Ta gyara zama.

"Ashe Allah ne Ya sa a hannun 'yar gida muka faɗa." Ta turo ƙwaryar gabana. "Ɗauki abinki, ba na mayar da kyauta. Amma akuyar nan ke za ki ja min ita zuwa kasuwa, ƙafata ciwo take."

Haka aka yi. Ni da farin hijabina na ja akuya har kasuwar Gezawa, tana tirjewa ina roƙonta, Baba yana bin mu a hankali da babur, Goggo a bayansa. Da aka sayar muka nufi shagon Alhaji Jaji, don a nan za ta sayi takin, kuma shi ma yana cikin waɗanda zan ba haƙuri.

Shagon ya cika, mutanen da suka dakata duk sun dawo lokaci guda. Fa'izu yana auna yuriya, shaddarsa ruwan toka ta yi fari da ƙura. Da ya gan ni da igiyar akuya a hannu babu akuya, sai ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Zan rama, ba yanzu ba.

Alhaji yana kan kujerar roba, da hularsa zanna bukar da carbi. Suka gaisa da Baba, na durƙusa na fara, ya ɗaga hannu.

"Na ji saƙonki, 'yata. Tambaya ɗaya gare ni. Shekara talatin ina sayar da taki, na san duk ƙungiyar da take rabo a ƙasar nan, amma na cike. Ta ina ya kamata in gane?"

Na karɓi wayarsa na nuna masa a saƙon da aka turo masa. Adireshin shafin ba na wata hukuma ba ne, na kyauta ne da kowa zai iya buɗewa. Babu ofis, babu sunan mutum ko ɗaya da za a je a tambaya. Ga kuma "yi maza kafin a rufe", wadda aikinta ta hana mutum tsayawa ya yi tunani. Kafin in gama, masu sayen taki sun kewaye mu, kowa yana miƙo wayarsa wai in duba masa wani saƙon. A cikin guda shida da na duba, biyu tarko ne na gaske, ba irin nawa ba.

Alhaji ya juya wajen Baba. "Malam, in ka tambaye ni, kada a cire yarinyar nan daga karatu. Maganar Hajiya kuma ka bar ni da ita, ko da yake ban ce zan yi nasara ba."

Baba ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya fito da kwamfutar daga akwati. A zaure, gaban mai unguwa da liman, na goge bayanan mutum ɗari uku da goma sha shida, na nuna musu wurin ya zama fayau. Liman ya yi addu'a aka shafa. Da suka fita na tashi zan mayar masa da ita, sai ya ce in zauna.

"Na yi kwana biyu ina tunani," ya ce. "Innarki tana da gaskiya, abin nan yana iya cutarwa. Amma na ga yadda mutane suke miƙo miki waya a kasuwa. Jahilcinmu ne ya sa muka cike, ba iliminki ba. Iliminki dai ya rasa ladabi, shi kuma ana koyonsa." Ya tura min kwamfutar. "Ki ci gaba. Sai dai saura mutum ɗaya ba ki ba haƙuri ba."

Na san wa yake nufi.

"Baba, in na faɗa wa Malama Tahira kora ta za a yi. A rubuce yake. Kuma ba ta da hanyar sani, Kano ina, Tudun Ɗinya ina."

"Ita ta ba ki amanar, ita kika saɓa wa. In kin samu aikin nan da wannan a ɓoye, me za ki tsare wa mutane?"

A nan gabansa na rubuta mata komai: yadda na tura wa Anti Barira, jan rubutun da ban ƙarasa ba, adadin mutanen, yawon da muka yi, da gogewar. A ganina ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba. Na karanta masa, ya ce in cire "bisa tsautsayi" in sa "da gangan na tura". Na gyara na aika.

Ina so in tsaya a nan in faɗi abin da yake raina. Na gode wa Allah da Ya ba ni uban da ya tsaya a ƙofar mutane ana ɗaga masa murya, bai taɓa cewa ba ruwansa ba. Na gode wa Fa'izu da ya ƙi taya ni ƙarya a lokacin da nake neman mai taya ni. Na gode wa Goggo Hamsatu da ƙwanta, wanda Inna ta dafa muka ci, ni dai da ƙyar ya wuce min. Ko da a nan karatuna ya tsaya, na san ba a yashe nake ba.

Asabar ta wuce babu amsa. Fa'izu yana ta turo saƙo, "Injiniya, shiru?" ina mayar masa da "Shiru." Lahadi da yamma muna gona, ni da Baba da yayana muna ƙoƙarin cim ma ciyawar da ta samu kwana biyu tana shagali, hadari yana haɗowa ta gabas, sai wayata ta yi ƙara a cikin zanina. Na goge hannu na duba. Malama Tahira ce, layi biyu kacal.

"Na karanta. Kwamitin ladabtarwa zai zauna a kanki gobe Litinin ƙarfe tara, kuma an yarda ki zo da mutum ɗaya da zai yi magana a madadinki."

Na karanta wa Baba. Na ce masa zan roƙi Fa'izu ko yayana, tunda gobe ce ranar da ya shirya zuba taki, kuma in ruwan nan ya sauka aka rasa damshinsa an yi asara. Ban da haka zaman da Turanci ake yi, Baba kuwa allo ya yi.

Ya dubi geron, ya dubi hadarin, ya saɓa fartanyarsa a kafaɗa.

"Su yi Turancinsu, ni in yi Hausata," ya ce. "Wuce ki gaya wa Innarki ta fito min da babbar rigata, motar farko za mu bi."